Rasuwar Sarkin Baka Tukur da Dalmar da Ya Bar wa Jafaru

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da har yanzu suka kasa zama wuri ɗaya, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Maharban Gargajiya ta Mafara, Bakura da Maradun ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Sarkin Bakan ƙungiya, Alhaji Tukur Ɗan Juma Janbako, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Alhamis da hantsi a wani asibiti a Talata Mafara, sakamakon raunin da ya samu a dawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin Shugaban ƙungiya, Alhaji Lawal Nagode Bakura, da dattawan rassanmu uku, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Hajiya Batulu, da ƙanensa Malam Ɗantala, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ɗaukacin jama'ar Janbako waɗanda suka cika maƙabarta bayan La'asar aka yi masa sutura.

Ba don ya fi kowa saiti muka sa marigayin a gaba ba. Akwai waɗanda suka fi shi ido, shi da kansa yakan faɗa yana dariya. Abin da ya fi mu shi ne sanin abin da ake ɗura wa bindiga, kuma a kan wannan ya ƙarar da rayuwarsa yana yi mana hidima. Duk maharbin da ya taso tsakanin Garbadu da Janbako ya san zauren nan mai ƙaurin gawayi, inda Sarkin Baka ke narka dalma a kasko, ya zuba, ya bari ta huce, sannan ya jujjuya ta a tafin hannu kafin ya yarda ta bar gidansa. Ba ya ba mutum harsashi sai ya tambaye shi abin da zai je nema, sai kuma ya leƙa bakin bindigarsa ya ƙwanƙwasa ƙarfen, domin a cewarsa dalma mai nauyi a siririyar bindiga mai ita take fara nema. Wanda ya amsa masa da cewa zai harbi duk abin da Allah Ya kawo, to ranar sai ya koma gida hannu wofi, da tsiya a kai wadda za a yi mako ana maimaita ta a kasuwar Maradun.

Koyarwarsa ba ta da tsawo, mu ne dai muke da taurin kai. Zabo da fakara, ƙananan ƙwayoyi masu watsuwa, kamar tsabar dawa. Gada da barewa, 'yan ƙwayoyi kaɗan masu girman wake, don kada a farfasa nama a banza. Amma babbar dabba mai kaurin fata da ƙashi, irin gwanki ko gadu, ƙwara ɗaya tak, mai girman ɗan aduwa, ta dalma mai laushi wadda in ta shiga za ta baje ta tsaya a ciki, kuma ita ma sai an matsa kusa, domin nauyinta na saurin jan ta ƙasa. Ya tsani guntayen rodi da ƙwallayen keke da samari suka tsiro da ɗurawa, ya ce ƙarfe yakan ratsa dabba ya wuce, ya bar ta da rai da haushi, ya kuma cinye cikin bindiga. A kan duk wannan ya ɗora doka ɗaya wadda ƙungiya ta karɓa ta zama tata: bindigar toka ba a sauya mata ciki a gaban nama, don haka abin da ka ɗura shi ka fito nema, in wani abu ya gitta ka sauke hannu ka bar shi ya wuce. Mun sha jin wannan har muka gaji, kuma wallahi yau muna neman bakin da zai sake faɗa mana mun rasa.

Ya zama dole ƙungiya ta bayyana yadda abin ya faru, domin maganganun da ke yawo a majalisu da wayoyi sun fara fin gaskiyar yawa. Tun da manoma suka janye daga gonakin nesa saboda halin da ake ciki, namun dawa suka fara dawowa, har wani tsohon gwanki ya saba shiga waken mutanen Janbako. Ɗanmu kuma ɗan ƙungiya, Malam Jafaru Garbadu, ya fita da safe neman zabi, da ɗurin zabi a bindigarsa, sai ga gwankin tsaye a bakin gona. Bai iya riƙe yatsansa ba. Ƙwayoyin suka watsu a kafaɗa da wuyan dabbar, ba su kai ko'ina ba, ta juya ta shige ciyawa tana ɗigar jini. Jafaru bai ɓoye ba, muna so a ji wannan da kyau: da ƙafarsa ya je zauren Sarkin Baka ya faɗi abin da ya yi. Marigayin ya yi masa faɗa irin wanda aka san shi da shi, sannan ya hura wuta ya zuba dalma biyu, ya ɗura ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu, ya ce su tashi, domin a al'adarmu ba a barin dabba da rauni kusa da inda mata da yara ke tsinkar wake.

Sun cim ma gwankin a cikin duhuwar sabara. Wanda ya san dabbar nan ya san in ta ji ciwo ba gudu take yi ba, durƙusawa take yi ta jira. Sarkin Baka ya matsa kusa kamar yadda ya koya mana, ya ja kunama, bindigar ta ƙi tashi, raɓa ta riga ta jiƙa albarushin. Ƙaho ya same shi a cinya. Jafaru ne ya ɗaure raunin da rawaninsa, shi ya goyo shi har bakin hanya, shi ya riƙe shi a kan babur a wannan muguwar hanya tamu har Mafara. Masu cewa ya gudu ya bar dattijo su ji tsoron Allah su kama bakinsu.

Saboda haka ƙungiya tana sanar da cewa gwankin yana nan da rai, da rauni, a yammacin gonakin Janbako. Muna roƙon iyaye su tsare yara, masu tsinkar wake su daina shiga su kaɗai. Muna kuma gargaɗin samarinmu da muka ji suna yanka rodi suna rantsuwar ɗaukar fansa, cewa duk wanda ya shiga dajin nan da irin wannan ɗuri ba da yawun ƙungiya ya shiga ba, kuma ba marigayin ya girmama ba. Kabari ɗaya ya ishe mu a wannan kaka.

Abin da ya fi hana mu sukuni shi ne Jafaru kansa. Tun da aka bar maƙabarta ba wanda ya sake ganinsa. Bai zo zaman makoki ba, bai koma Garbadu ba, iyalinsa sun ce bindigarsa da gorarsa ba sa inda yake rataye su. Mun san inda ya nufa, mun kuma san abin da ke cikin jakarsa, domin babu mai zuba dalma mai nauyi a yankin nan sai wanda muka binne. Ke nan yana bin sawun gwanki da irin ɗurin da ya jawo mana wannan rashi. Duk wanda ya gamu da shi, makiyayi ne ko manomi ko ɗan acaɓa, muna roƙonsa don Allah ya isar masa da wannan saƙo.

Kafin Sarkin Baka ya cika, ya sa Malam Ɗantala ya laluba aljihunsa ya ciro dalma ta biyu, ya ce masa: "Ku kai ma Jafaru wagga. Shi yab buɗe jini, shi ka rufe shi. Kada wani shi amshe mai sawu, kada kuma a bar shi shi tai shi ɗai." Hajiya Batulu, daga cikin takabarta, ta aiko mana cewa ba ta riƙe yaron da komai ba, kwanan mijinta ne ya ƙare, kuma ta hana a ɗaga dalmar daga kan tabarmar makoki.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan Alhaji Tukur Ɗan Juma, Ya gafarta masa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba Hajiya Batulu da iyalansa da mu baki ɗaya haƙurin wannan rashi, Ya kuma sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Malam Jafaru, dattawa sun wanke bindigogi, sun shanya albarushi, ba wanda zai taka sawun nan sai kana gaba. Dalmarka tana cikin ƙoƙo a kan tabarmar makoki a zauren Sarkin Baka. Ka dawo ka ɗauka kafin ka gamu da gwankin.

Sa hannu:
Malam Sulaiman Nasidi Garbadu
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Maharban Gargajiya ta Mafara, Bakura da Maradun