Takardar Jinin Yaya Tanimu

Yamai, 6 ga Satumba 1984

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya kuka ji da wannan fari? Allah ya kawo mana sauƙi.

Ki kwantar da hankalinki game da Yaya Tanimu. Tun da shanunsa suka ƙare ya zo wurina, bai yarda ya zauna ba, dako yake yi a kasuwar Wadata. Ya dame ni da kukan ciwon baya, sai na kai shi ɗakin awon jini inda nake aiki, na ɗebi jininsa da hannuna. Akwai abin gina jiki da muke aunawa a jini. Mutanen da yunwa ta koro daga daji, nasu duk ya faɗi ƙasa warwas, wata shida ke nan ban ga mai kyau ba. Na Yaya kuwa ya zarce na kowa, har ya fi na lokotoronmu, babban likita mai cin nama kullum! Na tsokane shi na ce tuwon matata Balkisa ne ya karɓe shi. Na rubuta masa takarda na sa hannu, na ce gajiya ce kawai, ya koma aiki. Sojoji suna sauke buhunan taimako, masu ƙarfi ake nema.

Ki gaida Inna ƙwarai.

Ƙanenki,
Halidu

Yamai, 19 ga Nuwamba 1984

Yaya Tabawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki karanta wannan ke kaɗai, kada Inna ta ji tukuna.

Ranar Talata Yaya ya ɗaga buhun dawa, bayansa ya karye. Ba faɗuwa ya yi ba, ƙashin ne ya rushe da kansa. Lokotoro ya ga tsohuwar takardata, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in dafa fitsarin Yaya a kwalba. Da ya ɗumama ya yi fari kamar an zuba nono, da ya tafasa ya washe, da ya huce farin ya dawo. Na koyi wannan alama a makaranta. Na zauna a ƙasa.

Ga abin da yake nufi. Jiki yana ƙera masu gadi a cikin ɓargo, su ne ke yaƙar cuta. Ciwon daji ya kama masu ƙerawar, suna ta yaɗuwa suna cin ƙashi, suna zubo gadi iri ɗaya tak wanda ba ya tsare komai. Shi ne ya cika jinin, ya danne na kirkin, yana toshe ƙoda. Abin da na auna na yi murna, Yaya Tabawa, cutar ce kanta. Idona ya saba da jinin yunwa, da na ga mai yawa ban tsaya tambaya ba.

Lokotoro ya ce ko an gane da wuri, maganin ba ya nan. Fita ƙasar waje neman magani sai da sa hannun manya, kuma ba don ɗan dako ake sa shi ba. Yana so ya sanyaya mini zuciya ne. Amma da na gane, da Yaya yana tafiya da ƙafarsa, da ya zo ya ga Inna. Ni na mayar da shi ƙarƙashin buhu.

Abin da ya fi ci mini rai, takardar tana ƙarƙashin matashinsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ciro ta, ya ce ƙanensa mai ilimi ya rubuta jininsa ya fi na kowa ƙarfi a Yamai, don haka zai tashi. Jiya ni ya miƙa wa, ya ce in karanta wa abokan dakonsa. Na karanta.

Ki shigo motar Juma'a, don Allah. Zan faɗa masa gaskiya, amma ba zan iya ni kaɗai ba. Ki riƙe hannunsa lokacin da zan karɓi takardar.

Ƙanenki,
Halidu