'Yata ta sa taswirar inda nake ɓoye kaya a kundin jami'a

Malama Hureira, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, mako uku kacal ya rage 'yata ta gabatar da kundinta a jami'a.

Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Kilomita Biyar, sarin shinkafa da fulawa nake yi. Wanda ya shigo shagona buhu ashirin zai gani, ba ƙari. Sauran kayan na rarraba su a gidaje shida, wasu a unguwar Kokoro, wasu a ta Yakité, wajen mutanen da na yarda da su. Ba son wahala ya sa ba. Kafin shekarun tashin hankali babban sito ɗaya gare ni, rana ɗaya aka kwashe shi tas, har kwanon rufi.

'Yata Ulfa tana karanta tattalin arziki. Da ta ce za ta rubuta kundin kammala digiri kan sana'ata, daɗi na ji, da kaina na zaga da ita gidajen nan. Ranar Juma'a ta zauna tana fassara mini, rabi Hausa rabi Sango, yaren ƙasarmu, don da Faransanci ta rubuta. Malama, shafi bayan shafi wai tsarina asara ne: ina wahalar jigila, danshi yana cin buhu uku cikin ɗari, gara in tara komai wuri ɗaya. Ni da na yi shekara talatin a kasuwa! Na haɗiye. Sai ga taswira: gidaje shida da jan ɗigo, kowanne da sunan mai shi. Kuma a bainar jama'a za ta gabatar, sannan a ajiye kundin a ɗakin karatu.

Ɗaya daga cikin masu gidajen dattijuwa ce, ba musulma ba, maƙwabtanta sun ɗauka kayan ɗanta ne. In ɓarayi suka shigar mata, me zan ce wa Allah?

Na ce Ulfa ta janye kundin. Ta fashe da kuka, wai malaminta ya ce taswirar ce zuciyar aikin, in ta janye ta yi asarar shekara. Malamin da bai taɓa ɗaga buhu ba! Uwarta ta daina yi mini magana. Labarin tsohon siton ban taɓa ba Ulfa ba, tana ƙarama wajen kakarta a Garwa lokacin, kuma ba na son tunawa. Shin in je jami'ar in tayar da rigima?

Uban Ɗaliba, Kilomita Biyar

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Kada ka je da rigima, kada kuma a janye kundin. Kan taswira kai ne da gaskiya, kuma ƙa'idar bincike ma tana bayanka: ba a bayyana sunan mutum ko gidansa ba da yardarsa ba. Kai ka ba Ulfa izini, masu gidajen ba wanda ya tambaye su. Gyaran na kwana biyu ne. A cire sunaye da unguwanni, a ce gida na ɗaya, gida na biyu, a bar nisan da ke tsakaninsu da shago. Nisan shi lissafinta yake bukata, ba ƙofar dattijuwa ba.

Ku je wajen malamin tare a makon nan, kafin a raba wa masu tantancewa. Ku karɓe abin da aka buga, ku tambayi wa aka tura wa ta waya. In ya riga ya yaɗu, ka kwashe kayan gidan dattijuwar, ka kuma gaya mata dalili.

Yanzu naka laifin. Ka nuna wa 'yarka gidaje shida, ka ɓoye mata dalilinsu. Abin da kake yi masana sun san shi, rarraba haɗari suke kiransa, kuma wahalar jigilar ita ce farashin kwanciyar hankalinka. Ulfa ta auna farashin, ba ta auna abin da yake saya maka ba, don ba ka ba ta labarin ba. Ka zaunar da ita ka faɗa mata, ko da zai yi maka ciwo. Kundin zai fi ƙarfi da shi.

Amma buhu uku cikin ɗari ba malami ne ya ƙirƙiro su ba, ita ta duba ta gani. Ka shimfiɗa katako ƙarƙashin kaya, ka gyara rufin da ke yoyo, ka gaya mata daga wajenta ka koya.

Ranar gabatarwa ka sa babbar riga ka zauna a layin gaba. Yarinyar da ta zaɓi sana'ar ubanta ta yi nazari a kai ba raina shi ta yi ba. Allah ya tsare masu riƙe maka amana, ya ba Ulfa sa'a.