Kabarin da ke Bayan Shinge

Misis Coralie Whitlock,
Lamba 14, Titin Bunya,
Kurrawin, Queensland.
12 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Majalisar Amintattu,
Gidan Tsofaffin Sojoji na Kurrawin.

Ranka ya daɗe,

Game da: Hana ni duba kundin rajista na huɗu, da shirin haƙa filin da ke bayan shingen maƙabarta

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni jika ce ga marigayi Archie Tandy, wanda ya zauna a gidanku daga 1935 har ya rasu ranar 7 ga Agusta, 1938. Ba ku da wannan suna a takardunku. A 1916 ba a ɗaukar irinmu, baƙaƙe 'yan asalin ƙasar nan, aikin soja. Sau biyu ana korarsa daga layi, a na uku ya ce shi Archie Paora ne, ɗan ƙabilar Mawori daga New Zealand, nan take aka miƙa masa kaki. Da aron sunan ya je fagen yaƙin duniya a Faransa, ya shaƙi iska mai guba, da shi kuma ya kwanta a gadonku. Ga ƙorafina:

1. Ranar 6 ga Nuwamba, 2023, na nemi izinin duba kundi na huɗu, inda aka rubuta waɗanda suka rasu a waɗannan shekaru da wurin da aka binne kowa. Jami'inku, Mista Gavin Threlfall, ya ce sai na kawo takardar da ta haɗa jinina da Paora. Na nuna masa takardar haihuwar mahaifiyata, ya ce Tandy ya gani. Na ce ai kundin ne kaɗai zai nuna Tandy da Paora mutum ɗaya ne, domin a ciki ake rubuta sunan matar mamaci. Ya yi murmushi ya ce doka ce. Wato an kulle ɗaki da makullin a ciki, ana cewa in ɗauko shi.

2. Ranar 4 ga Disamba na koma da takardar rantsuwa daga kotu. Aka ce an kai kundin gyara. Na ɗaya zuwa na uku suna kan kanta, na biyar ma yana nan. Da na tambayi wurin gyaran, kowa ya sunkuyar da kai ga aikinsa.

3. A makon ne kuka kafa allon sanarwa cewa ranar 4 ga Maris za a fara haƙa wurin ajiye motoci a bayan shingen maƙabarta. Sanarwar ta ce safiyonku, mai awon fili, ya tabbatar babu kabari a wurin. Na ga taswirarsa. Cikin shinge kawai ya ƙirga, domin bai zo masa a rai cewa ana binne soja a waje ba. Mu kuwa mun san ana yi.

Muddin kakana yana Paora, ba wanda ya tanka masa. Ranar da kakata, baƙa 'yar asalin ƙasar nan, ta zo duba shi da 'yarta a hannu aka gane ko shi wane ne, aka mayar da gadonsa baranda. Da ya mutu aka binne shi a waje. Yarinyar nan ita ce mahaifiyata, Beryl, wadda yanzu take da shekara casa'in da uku. Tana mance ko ta sha maganin safe, amma ba ta mance wannan ba. Sau uku na kai ta wurin, sau uku tana nuna gindin tsohuwar bishiyar turare. Ta ce mini, "Ke Coralie, ni ba makauniya ba ce. Shingen yana bayana, Baba yana gabana." Ta ce kuma ba shi kaɗai ba ne, ta ga tudun kabari biyu a gefensa.

4. Ranar 29 ga Janairu aka shafa wa bishiyar jan fenti, aka kafa turaku kewaye da ita. Washegari wani ya kira ni a waya, ya ƙi faɗin sunansa, ya ba ni shawara in bar tsohuwa ta ƙarasa kwananta lafiya. Lambar wayata kuwa a takardar neman izini kaɗai na rubuta muku ita. Ba na zargin kowa, ranka ya daɗe, amma ruwa ba ya tsami banza. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro.

Saboda haka ina roƙonka cikin ladabi: a fito da kundi na huɗu a buɗe shi a gaban shaidu, a dakatar da haƙar har sai an binciki ƙasar bayan shinge, a kuma amsa mini a rubuce kafin 26 ga Fabrairu.

Wajibi ne in sanar da kai abu ɗaya. Mahaifiyata ta ce idan ba a amsa ba, in tura ta a kekenta zuwa gindin bishiyar ranar 4 ga Maris, tun kafin katafila ta iso. Na yi rarrashin duniya, likita ya hana ta shiga rana, ta ce ta ji. Har ta sa na goge mata baƙar rigar da ta ajiye don a binne ta a ciki. Zan kai ta, domin ban taɓa ƙin maganarta ba. Ta ce a gaya wa direban ya taho a hankali, za ta nuna masa daidai inda zai fara.

Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Coralie Whitlock (Misis),
jikar Archie Tandy, wanda kuka rubuta da Paora.