Wayar Ramok ɗin Likitan Shanu

Dakoro, 6 ga Rajab, shekarar Nasara 1955

Zuwa ga maiɗakina Safi, a Sabon Maci. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Dela. Yaya wankan jego? A gaishe da Inna, da Malam Rabo mai karanta miki wannan takarda. Baba, mahaifinki, yana nan lafiya a bakin gadinsa na garaj, kullum sai ya tambaye ni labarin jikarsa.

Bayan haka, ban samu zuwa ran Lahadi ba, kuma raina a ɓace yake. Kin san motar Nasaran nan likitan shanu da nake gyarawa. An kawo mata ramok daga Maraɗi, wato keken ƙarfe da take ja a baya, a ciki ake ɗora akwatin ƙanƙara na allurar bushiya. Kwana uku suka yi lafiya lau. Daga nan, da zarar an taka birki sai fizibil ya ƙone, ɗan ƙarfen nan mai tsare wutar mota, fitilu da ham duk su mutu. A kwance ramok, mota garau. A ɗaura, cuta ta dawo. Na sauya ƙwan fitila, na kankare kan batir, na duba dinamo, ban ga komai ba.

Shekaranjiya kuma Mutari shofer, direban motar, ya ƙarasa ni. A hanyar Ajekoriya fizibil ya ƙare masa, sai gwanin ya naɗa takardar azurfa ta kwalin sigari ya cusa a gurbin. Wayoyi suka yi zafi, hayaƙi ya tashi, mota ta tsaya cik a tsakar rana. Ƙanƙara ta narke, allura ta lalace, ga Fulani sun tara shanu tun safe a bakin rijiya suna jira. Nasara ya ce cikin kwana bakwai in kawo masa dalili, in ba haka ba in tattara ƙarafuna in bar masa garaj. Shekara tara ina shan baƙin mai, mai kwalin sigari zai raba ni da aikina!

Ki yi mini addu'a. Ni ne maigidanki, Isufu.

Dakoro, 11 ga Rajab

Safi, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji saƙonki cewa in yi haƙuri da Mutari don yana da iyali. To, ni gwauro ne? Haƙurin ya ƙare. Na tsaya gaban Nasara na gaya masa ɓarnar duk ta Mutari ce, na nuna masa takardar sigarin a ƙone. Nan take ya karɓe makulli ya sallame shi. Mutari ya ɗauki butarsa, ya dube ni ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin haushi, jiya na sa sababbin wayoyi tun daga batir har gindin mota, na ɗaura ramok, na ja da kaina zuwa bakin kasuwar dabbobi. Ina taka birki fizibil ya ce ɗau. Babu Mutari, babu sigari. Na dawo ina huci, har Baba ya miƙo mini shayi na kasa sha. Saura kwana biyu.

A shafa mini kan Dela. Isufu.

Dakoro, 14 ga Rajab

Safi, ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Malam Rabo, kai ma ina gaishe ka, kuma ka ja ta gefe kafin ka karanta, abin da ke ciki amana ne.

Na gano cutar. Na kwanta ƙarƙashin ramok ina bin wayarsa taƙi-taƙi da yatsa, ita kaɗai ce ban taɓa zargi ba don sabuwa ce fil. A jikin ƙarfen da ake jan ramok da shi na tarar an ɗaure ta tamau da tsirkiyar fata, ɗauri mai kyau irin na sirdin raƙumi. Kullum ina ganinsa, na ɗauka daga Maraɗi ya zo haka. Da na yanka, sai ga roba ta tsage, jan ƙarfen waya tsirara yana manne da kaifin ƙarfe. Kin san halin ɗanyar fata, da laushi ake ɗaura ta, tana bushewa tana matsewa. Kwana ukun farko ba ta bushe ba, shi ya sa suka yi tafiya lafiya.

Ina riƙe da fatar sai ga Baba a kaina yana murmushi. Ya ce shi ya ɗaura, ranar da aka kawo ramok ya ga igiyar tana jan ƙasa, ya ji tsoron kada ta tsinke a ce surukinsa bai iya aiki ba. Har kasuwa ya je ya zaɓo fatar wuyan sa, wadda ta fi ƙarfi. Ya tambaye ni ko ɗaurin ya riƙe.

Safi, ban taɓa jin wuta a ƙirjina irin ta lokacin ba, ga shi babu inda zan sauke ta. Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, ko idonsa ba na kallo, shi zan ɗaga wa murya? Na sunkuyar da kai na ce ya riƙe, Allah ya saka da alheri.

Sai fushin ya juyo kaina. Tsoho ya yi kuskure don ƙauna, ni kuwa makanike da idona biyu na kori mutum daga abincinsa don ban iya kwanciya ƙarƙashin ƙarfe in duba ba. In na ce Baba ne, a yau za a kore shi, kuma a gaban mutane. In na yi shiru, Mutari ya tafi a banza. Na naɗe wayar, na taka birki sau goma, fitilu suna ci ja wur. Sannan na kai wa Nasara fatar na ce ni na ɗaura. Ya yi ta faɗa da yarensu har wuyansa ya yi ja. An aika a kira Mutari ya dawo aikinsa, ni kuma an ba ni zuwa Juma'a in tattara ƙarafuna in bar garaj.

Kada ki yi kuka, hannuna yana nan, kamiyon, manyan motocin 'yan gyaɗa, kuma ba su daina lalacewa ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Baba ya ɗauka hutu aka ba ni in zo ganin Dela, ki bar shi a haka har abada. Yanzu haka yana zaune yana ɗaure mini akwatin ƙarafuna da sauran fatar, wai kada ya buɗe a hanya.

Sai na iso. Naki, Isufu.