Lambar da ke Kan Tsohon Fistan

Yaya Bubayero, tsakaninka da Allah, ka san an taɓa buɗe injin mashin ɗin nan kafin ka saye shi? Ka yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa, kwana tara tana cina ne. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa tana ta sauƙi. Allah ya sa ɗorin ya kama da kyau, ya sa kaffara ne, ya tashe ka ka taka da ƙafarka. Na ji an ce Inna ta daina tarin nan, na gode wa Allah. Mu nan Fegge ta ƙasar kudu lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Har yanzu in mutanen garin suka yi mini magana da yarensu da sauri kai kawai nake gyaɗawa, amma na fara gane hanya, ban ƙara ɓata a Main Market ba.

Yaya, sau uku ka kira ni ka tambayi mashin na ce lafiyarsa ƙalau. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Ranar da za ka tafi gida jinya ka miƙa mini makulli, ka ce da shi ake ci a gidanka da gidan Inna, in riƙe shi amana. Ban cika wata biyu da shi ba ya fara hayaƙi. In na ɗauko buhun albasa biyu zan kai wa masu abinci, sai ya riƙa nishi a hawa, ga baƙin mai yana sha kamar koko, ga wata ƙara ƙas-ƙas daga saman injin. Na kai wa Malam Badaru, bakanikenka na bakin masallaci. Ya kwance, ya ce fistan da ring sun tafi, kamshaf ma ya cinye. Ni ban ma san kamshaf ba sai ranar. Ya nuna mini wani guntun ƙarfe mai doro biyu, wai shi ke buɗe bawul ya rufe, ya ce in sa farce in ji. Na ji doro ɗaya ya zaizaye kamar bakin tsohuwar fartanya.

Ya ce in tafi layin masu kayan mashin in sayo, kuma in tafi da tsohon fistan ɗin a aljihu. To a nan na yi wauta. Na bar shi a cikin kwanon kusoshi, don na ga baƙi ne ƙirin zai ɓata mini riga, kuma ai na san abin da zan ce. Sau nawa na ji ka a majalisa kana cewa injinka ba a taɓa sa masa sifana ba, yadda ya fito daga kamfani haka yake? Da mai shagon ya tambaye ni wane saiz, na ce na asali, wanda ba a taɓa ba. Ya maimaita, ya ce aboki, ka tabbata? Na daki ƙirji na ce yayana ne ya faɗa.

Na kawo, Malam Badaru ya zura shi a cikin bulok, wato ramin da fistan ke hawa da sauka. Yaya, sai ya zurma ya faɗo ta ƙasa, yana rawa kamar ƙafar 'yarka Mansura a cikin takalminka. Na ce shike nan, ni na cinye ramin nan duka a wata biyu, na kashe maka inji kana kwance. Malam Badaru ya zuba bulok da tsohon fistan da sabon a leda, ya ce in kai wa Nicodemus mai borin, wato mai gyaran ramin bulok, a bayan gidan burodi. Kwana biyu ledar tana ƙarƙashin tabarmata na kasa zuwa, ina tsoron abin da za a gaya mini. Ko tuwon Halimatu Sadiya na bakin layi ban iya ci ba, har ta tambaye ni ko an yi rasuwa a gida.

Ashe Nicodemus ɗin mutumin Kafanchan ne, Hausarsa ta fi tawa. Ya ga fuskata ya ce in zauna tukuna, ba gawa na kawo ba. Ya ɗauki tsohon fistan ya kankare baƙin da ke kansa da bakin wuƙa, ya goge da fetur, ya ce in karanta. Na ce karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ina ganewa. Sifiri, ɗigo, hamsin. Ya ce to wannan yana nufin tun tuni an taɓa faɗaɗa ramin, aka sa fistan mai girma, shi ya sa na asali ya yi masa kaɗan. Ya zura ma'auninsa ya ce cin da ke ciki na shekaru ne, ko dutse nake ɗauka ba zan yi shi a wata biyu ba. Na tambaye shi ko injin ya mutu, ya ce ina, akwai sauran nama a jikin bulok. Bayan hamsin akwai saba'in da biyar, bayan shi ma akwai ɗari. Yaya, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ya yi kamar bai gani ba, ya ce ƙurar ƙarfe ce, shi ma tana shiga masa ido.

Shi ya koya mini cewa fistan ake fara saye, sannan a yanka ramin daidai da shi. Na koma shagon, wannan karon da tsohon a hannuna. Mai shagon ya yi ta dariya, wai ina yayan nawa da ya faɗa, amma ya canza mini da saba'in da biyar, da ring ɗinsa. Sai kuma ya fito da kamshaf iri biyu. Ɗaya doronsa dogo, ya ce na tsere ne, in na sa shi ko 'yan okada ba za su ga bayana ba. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya biya. Na ce in mayar maka da mashin da ya fi wanda ka ba ni. Allah ya taimake ni na kira Nicodemus kafin in karɓa. Ya tambaye ni, albasar ce ke sauri ko ni? Ya ce mai dogon doro sai an ja wuta sosai yake nuna ƙarfinsa, da kaya a hawa sai ya yi sanyi, kuma yana iya sa bawul ya doki sabon fistan. Na ɗauki irin naka na da, na jera su gefe da gefe, tsawo ɗaya, haƙora ɗaya.

Nicodemus ya faɗaɗa ramin, jiya aka ɗaure injin. Bugu biyu ya tashi. Na durƙusa bayan salansa ina leƙen hayaƙi har Malam Badaru ya ce ko turare nake jira. Babu ko ɗigo, ƙas-ƙas ɗin ma ta tafi. An ce sati biyu in bi shi a hankali, buhu ɗaya kawai, in canza mai da wuri. Haka nake yi.

Ga tsohon fistan ɗin nan a ƙunshe cikin takardar, ka duba kansa da idonka. In cutarka aka yi wajen saye, Allah ya isar maka. In kuma ka sani, to ni ban faɗa wa kowa a majalisa ba, Malam Badaru ma ya ce bakinsa alaikum. Ka gaishe mini da Inna, da Anti Zuliha, da Mansura, ka ce mata mashin ɗin Baba yana jiransa. Shafi'u direban motar albasa da zai kawo maka wannan ya gama ɗaure tamfol, yana ta danna mini hon. Dole in tashi yanzu.

Naka ƙane,
Kallamu