Hannun Birgi Ka Kai Wa Faifai

Daga bakin kogi, Wudil.

Zuwa ga yayana Habu, masunci ɗan masunci, wanda ya tafi Kano jifan faifai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta waɗanda kake zaune da su. Iya tana gaishe ka. Matarka Hajara ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuwa ba na rubuta abin da ba a faɗa ba.

Jarida na aika wa wannan takarda, domin ban san inda kake kwana ba, kai kuma ba ka karatu. Don haka duk wanda ya san wani dogo mai faɗin kafaɗa, mai tabon igiya a wuyan hannu, yana jifa a filin 'yan doka, don Allah ya zaunar da shi ya karanta masa. Kada ya tsallake masa komai wai don kunya.

Yaya, ruwa ya ja, yashi ya fito. Dattawan masunta sun sa ranar buɗe babban gurbi, Asabar ɗin farko bayan tsayuwar wata. Ka san ƙa'idar, amma zan maimaita don masu karanta maka su san abin da kake wasa da shi. Ranar buɗe gurbi kowane gida sai namijinsa ya tsaya cikin jirgi, a wurin ubansa, ya jefa birgin farko, wato komar jifa, da hannunsa. Ba a aro, ba a wakili. Gidan da bai jefa ba, wurinsa ya zama na wanda ke maƙwabtaka da shi. Wurin Baba shi ne gindin gawo, inda ragon ruwa yake kwana. Da shi muke ci tun Baba yana raye. Tanko, da jirginsa ke kusa da namu, har ya fara sa wa birginsa sabuwar dalma. Jiya ya gaishe ni har da tambayar gajiya, mutumin da bai taɓa sanin ina gajiya ba.

A unguwa kuwa ni ake zagi. Wai ni na ɓata ka da karatun bokona. To, su faɗa. Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina rarrafe, da aka hana ni jirgi me ake so in yi, in ƙirga kwaɗi? Na koyi baƙaƙe a jikin motocin kasuwar ranar Juma'a da gwangwanayen kanti, babu malamin da ya riƙe mini hannu. Kukun likitan shanu na Kara, kasuwar dabbobin garinmu, yana tara mini tsoffin jaridun maigidansa, ina harhaɗa Turancin kamar mai cire ƙaya a kifi. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

Ka tuna ranar da na nuna maka hoton? Muna ƙarƙashin rumfa kana ɗinkin birgi. Wani ƙato ne ɗan ƙasar Suwidin, sunansa ya fi ƙarfin bakina, ya murɗa jiki, hannu ɗaya a baya riƙe da faifan katako mai bakin ƙarfe. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, “Wannan ai birgi zai jefa, an dai ɗauke masa ruwan.” Iya ta leƙo ta ce namiji da faifai, sai ka ce za shi tankaɗe.

Muka yi dariya. Da na san inda dariyar za ta kai mu, da na ƙunshe ƙuli a takardar.

Daga nan ka samo wani falalen dutse, ka zana da'ira a kan yashi, kullum bayan la'asar kana juyi kana wurgi. Ni nake karanta maka dokar: komai nisan jifa, in ƙafa ta taka waje, an soke. Kai ko sau ɗaya ba ka taka ba. Ina za ka taka, kai da ka tashi kana jifa a bakin jirgi, inda in ƙafa ta zame ruwa ne zai karɓe ka? Ba zan ɓoye ba, a lokacin na yi alfahari. Dutsen yana tashi har sai na ɗaga kai hulata ta faɗi.

Sai ga wani Bature mai shirya guje-guje ya tsaya da motarsa yana kallon jifanka. Washegari ka naɗe tabarma ka bi shi Kano. Ka ce wa Iya kafin ruwa ya ja ka dawo. Ruwa ya ja bara, dattawa suka ɗaga mana ƙafa albarkacin Baba. Bana sun ce babu ɗagi, kuma ban ga laifinsu ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Juma'ar da ta wuce wani ɗan tireda ya zo Kara, ya ce ya gan ka a Fagge hannunka na dama rataye a wuya da tsumma, wai kafaɗa ce ta goce, kuma wai da ta lafa za ka koma fili, don akwai wata gasa. Yaya, kana da hankali kuwa? Wannan hannun naka ne kai kaɗai? Da shi Iya take samun na cefane, da shi aka ɗaura maka aure. Ban faɗa wa Iya ba. Hajara ce ta ji a wurin ɗaukar ruwa, ta dawo ta ajiye tulu, tun daga ranar ba ta ƙara tayar da zancenka ba.

Tunda mutumin Suwidin ne ya fitar da kai, bari in ƙarasa maka labarinsa, don ni ban daina binsa ba. Rabin farko kawai ka tsaya ka ji. Ya yi shekaru babu mai kamo shi a ƙasarsu. Ƙasar kuwa sanyi ne ke rufe ta har ruwa ya daskare, sai ya shiga wani babban ɗaki yana jifa cikin raga da aka rataya, ga masu murza masa jiki, ga likita a gefe. Aka kai shi babbar gasar duniya, wasu suka wuce shi. Ya koma, ya sake shiri, aka sake wuce shi. A hoton ƙarshe da na samu gashinsa ya fara janyewa, wani yaro yana tsaye a sama da shi, shi kuma yana miƙa masa hannu yana murmushin dole. A ƙasa an rubuta cewa zai koma bakin aikinsa. Ka ji? Bakin aikinsa. Duk shekarun nan bai saki abin da yake ci da shi ba. Shi da ke da likita da ƙasa guda a bayansa ya bar wa kansa wurin komawa. Kai da tsumma ne likitanka, ina za ka koma in Tanko ya kafa sandarsa a gindin gawo?

Ban ce jifanka banza ba ne. Ƙarya zan yi. Wanda duk ya ga kana juyi ya san Allah ya yi maka baiwa. Amma faifan nan ko ya kai ƙauyen Kausani, wani ne zai je ya ɗauko ya miƙa wa na bayanka. Birgi in ka jefa, dawowa yake yi da abin miya.

To ga abin da na yanke, kuma ba barazana ba ce. Ƙa'ida ta ce namijin gida, ba ta ce mai ƙafa biyu ba. Na sauko da birgin Baba daga inda yake rataye, na ɗinke inda ɓera ya ci. Ina gwadawa a kan yashi, a cikin da'irarka, don har yanzu ana ganin shatinta. Duk juyin da na yi sai na faɗi. Matan da ke wanki sun daina dariya, sun koma kau da kai, wannan ya fi mini ciwo. Ranar Asabar ɗin, in ba ka zo ba, zan ɗaura igiyar a wuyan hannuna in tsaya a jirgin. Ka fi kowa sanin zurfin gindin gawo, ka kuma san iyakar iyona.

Kai ka san shi, don kai ka koya mini. Ka tuna kana goya ni zuwa bakin ruwa lokacin da Baba ya hana, ka sa tafinka ƙarƙashin cikina kana cewa, “Kada ka ji tsoro, Isa, hannuna yana nan.” Ban taɓa wuce inda tafin nan yake ba, Yaya.

Ba sai ka zo da lambar yabo ba. Ba sai ka jefa da nisa ba. In kafaɗar ta ƙi, ka jefa da hagu, ko birgin ya faɗi a dunƙule dattawa za su karɓa. In ma ba za ka iya ɗaga shi ba, ka zo ka zauna a bayan jirgin ka riƙe mini ƙugu, ni in jefa.

Allah ya mayar da kafaɗarka mazauninta, ya sa wannan takarda ta faɗa hannun mai tsoronsa, ya jiƙan Baba, ya sanyaya zuciyar Iya da ta Hajara. Ya sa motar da za ta kawo ka ta riga wata tsayuwa. Amin.

Ni ne ƙaninka, wanda har yanzu yake fushi,
Isa.