Yaya zai ƙona kayan Baba, makullin kuma yana hannuna

Daga admin: wata 'yar'uwa ce daga Dakoro, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, ko abinci ba ya min daɗi. Mahaifina dillalin dabbobi ne, duk wanda ke cin kasuwa a yankin nan ya san shi, mutum ne mai hankali, har sulhu ake kiransa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya yar da komai. Tsinkakkiyar igiyar shanu, ƙahon rago, buhun dusa da ya yage, bidon ɗin ruwa da ya fashe, warin takalmi, duk ya kwaso ya kawo gida. In ka yi magana ya ce ajiya maganin wata rana. Tun muna yara muke tsokanarsa da shi, to yanzu abin ya wuce dariya. Ɗakinsa ya cika har rufi, sai 'yar hanya da yake ratsawa a kaikaice, gadon ma ya bar wa kaya yana kwana a bakin ƙofa. Rumbun da muke zuba hatsi shi ma ya cika shi da tarkace, hatsin bana a ɗakin Inna muka jibge. Ɓeraye kuwa sun mai da gidan nasu, rannan har maciji aka kashe.

Bara Yayana babba ya tara mu, ranar da Baba ya tafi kasuwar Kornaka aka yi gayya, aka kwashe rabin ɗakin aka kai bayan gari aka sa wuta. Mu a tunaninmu gata muka yi masa. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ya tafi wurin tokar ya zauna yana tonawa da sanda. Daga nan ya daina cin tuwo, ya daina zuwa kasuwa, ya rame sai ka ce wanda ya yi jinya. Da ya farfaɗo kuma ya cika ɗakin fiye da da, ya sa kwaɗo.

Ni ce na lallaɓa shi zuwa Maraɗi da sunan duba hawan jini, daga can aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya yi masa tambayoyi da yawa, ko ya taɓa buguwa a kai, ko yana mantuwa, ko yana jin muryoyi, duk babu. Sai ya ce min wannan ciwo ne mai zaman kansa. Wai da can likitoci suna lissafa shi a cikin ciwon waswasi, irin na mai maimaita alwala, yanzu an ware shi an ba shi sunansa daban, ko da yake danginsu ɗaya. Ya ce ba kowane mai ajiya ke da shi ba, ana kiransa ciwo ne in rabuwa da kayan na sa mutum ƙunci mai tsanani, kayan kuma sun hana amfani da ɗaki. Ya ce ba ruɗewar tsufa ba ce, ba kuma abin da muke kira hauka ba. Ya ja min kunne kar a sake kwashewa da ƙarfi, sai a hankali, Baba da hannunsa, yana zuwa randebu, wato ranakun ganin likita.

Da na kawo wa Yaya bayanin, sai ya ce shi bai san wannan ba. Wai abu biyu ne, in hauka ne a kai shi inda ake kai mahaukata, in kuma lafiyarsa lau to taurin kai ne, a kwashe. Na ce akwai na uku, ya ce na ukun lakwal ce, wato makarantar boko, ta koya min. Kuma ba zan ce ba shi da gaskiya gaba ɗaya ba, bangon ɗakin ya tsage, damina ta matso, in ruwa ya jiƙa wannan kaya bango zai iya faɗo wa Baba. Inna ita kuka kawai take, tana roƙon kar gari ya ji an kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, don ba wanda zai ƙara danƙa masa saniya.

Jiya Baba ya kira ni ya sa min makullin ɗakin a hannu, zai raka dabbobi kudu ya kwana biyu. Ya ce, "Ɗiyata, ke ɗai na yarda da ke cikin gidan ga." Yaya ya gani. Ya ce in ban ba shi ba zai fasa kwaɗon, kuma in bango ya faɗa wa Baba alhakin yana wuyana.

Gaba kura baya sayaki, ina jin tsoro ƙwarai. In na bayar, na san Baba ba zai tashi daga wannan ba, wancan karon ma da ƙyar. In na hana, ruwan farko zai iya kashe min shi. Akwai wanda nasa ya yi irin wannan ciwon ya samu sauƙi? Wa zan kai wa Yaya ya ji maganarsa? Gobe da safe Baba zai tafi, ku gaya min abin da zan yi da makullin nan.